Ranar da Kwamfutar Mai Hoto Ta Ƙi Tashi

Har ranar da ya koma ga Mahaliccinsa, yau wata biyu ke nan, Mai Rediyo ake ce masa, alhali ya fi shekara ashirin rabon da wani ya miƙo masa rediyo gyara. Sunan ya manne masa tun yana saurayi, lokacin da shagonsa bai wuce tebur ɗaya a gindin bango ba, ƙafa uku na katako, ta huɗun bulo biyu aka ɗora. Da kasuwar rediyo ta ja baya ya koma talabijin. Da talabijin ta zama abin da in ta lalace sai a ture gefe a sayi sabuwa, sai ya samo wata matacciyar kwamfuta ya kai gida ya baje ta a tsakar ɗaki. Matarsa takan ce wata uku ta yi tana tsallake sukurori kafin ta kai bakin gado. Babu wanda ya koya masa. Shekararsa arba'in da biyar a lokacin, furfura ta fara leƙowa a gemu.

Mutum ne ɗan siriri, marar hayaniya, yatsunsa dogaye duk tabon ƙunar dalma. Idan aka ajiye masa na'ura ba ya saurin ɗaukar sukudireba. Sai ya dafa ta da tafin hannu ya ce, "To, baiwar Allah, me aka yi miki?" Sannan ya kara kunne. Sukurorin da ya kwance kuwa a kwalin ƙwai yake zuba su, kowane rami da nasa, daga hagu zuwa dama, domin in ya zo mayarwa ya biyo su daga dama zuwa hagu. Ba a taɓa jin ya haɗa abu sukuru ya yi saura ba.

Shagonsa ƙunƙuntacce ne, mutum biyu ba sa giftawa sai ɗaya ya yi gefe. Bango ɗaya ya raba shi da Tela, amininsa na shekara talatin da ɗaya. A saman bangon akwai wata 'yar kafa da aka fasa don wayar lantarki ta ratsa, ta nan suke tsokanar juna tun safe.

"Mai ɓata yadin mutane, ka iso?"

"Na iso, likitan ƙarafa. Yau kuma wa za ka kashe?"

'Ya'yansa huɗu. Uku kowa ya kama hanyarsa, Auta ce ta tsaya. Da ta gama sakandare ta fara zuwa shagon wai don shara, sai ga shi tsintsiyar ta fi wata tana jingine a bayan ƙofa, ita kuwa tana tsaye a kan uban tana kallon hannunsa. Bai kore ta ba. Ya matsa mata wuri a benci, shi ke nan. Shekara biyar suna haka, amma masu kawo gyara in sun shigo, ta saman kanta suke leƙawa su ce, "Ina Baba?"

Ciwon suga ne ya shiga idonsa, a hankali, ba zafi ba ƙaiƙayi. Da farko ƙananan rubutu suka gagare shi. Sannan fuskar mutum in yana tsallaken titi. Daga baya tsakiyar duk abin da ya kalla ta zama kamar an shafa wa gilashi mai. Bai faɗa wa kowa ba, ko matarsa. Ya haddace adadin taku daga bakin titi zuwa ƙofar shago. Idan takarda ta zo sai ya miƙa wa Auta ya ce, "Karanta mini nan, na baro tabarau a gida," alhali ga tabaran nan ya turo kai daga aljihun gabansa.

Wata safiya ya tsaya a ƙofar Tela ya gaida mutum-mutumin katakon da ake rataya wa riga, har da ɗan rusunawa, ya tsaya yana jiran amsa. Tela yana ciki, zare a baki. Ya sauya murya ya ce, "Lafiya lau, malam." A ranar ya janye mutum-mutumin ya kai shi can ƙuryar shago, bai sake fito da shi ba.

Allah sarki. Ba duhun ne ya fi ba Mai Rediyo tsoro ba. Abin da yake gudu shi ne ranar da wani zai dafa kafaɗarsa cikin ladabi ya ce, "Baba, ka huta haka nan," ya zare sukudireba daga hannunsa. Tun yana ɗan shekara goma sha bakwai hannun nan bai wuni babu ƙarfe a ciki ba, bai kuma san wane ne shi in babu shi ba.

Ran wata Talata da hantsi Mai Hoto ya shigo, wani matashi mai yawan surutu da ke da shagon ɗaukar hoto a ƙarshen layi. Ya rungumo wata ƙatuwar kwamfuta mai gefen gilashi, yana nishi, ya dire ta a tebur. Ya ciro kwali daga jaka, a ciki akwai zaren fitilu biyu masu launi, irin waɗanda ake liƙawa a cikin akwatin kwamfuta don ado.

"Baba, so nake in mutum ya shigo wurina ya ga tana walƙiya, kore, ja, shuɗi, ya san ya zo wurin manya. Amma don Allah da hannunka. Duk hoton da na ɗauka shekara uku yana cikinta, har da waɗanda ban ba masu su ba tukuna. Ban yarda kowa ya taɓa ba." Ya waiga wajen Auta. "Ba raini ba ne, ƙanwata."

"Ko kusa, Yaya," in ji Auta.

"Ƙarfe huɗu zan dawo."

Da hannunka. Maganar ta yi wa Mai Rediyo daɗi fiye da yadda ya kamata. Wata nawa ke nan duk aikin da ya shafi ƙananan wayoyi dabara yake yi ya tura wa Auta, ya ce yana so ya ga ko ta iya. Wannan kuwa fitila ce kawai. A liƙa, a soka waya, an gama.

"Auta, je kasuwa ki samo mana dalma."

"Akwai dalma a durowa, Baba, ko rabi ba mu ci ba."

"Ba irinta nake so ba. Mai sirara."

Ta ɗan tsaya tana kallonsa. Sannan ta ɗauki mayafinta ta fita.

Ya kwance gilashin, sukurori huɗu suka shiga ramin farko na kwalin ƙwai. Ya ɓare takardar bayan zare ɗaya ya liƙa shi a rufin akwatin, ya bi shi da babban yatsa har ya kwanta tsaf. Zuciyarsa ta yi fari. Saura soka waya.

A can ƙasan babban faifan da ake kira bod, wanda duk kayan ciki ke haɗuwa a kansa, akwai wurare biyu na fitila, maƙwabtan juna. Ɗaya haƙora uku ne da giɓi a tsakani, wutarsa kaɗan ce. Ɗayan haƙora huɗu, wutarsa ta ninka ta na farkon har da ɗoriya. Kowanne an rubuta nasa a gefe, da rubutun da bai kai ƙwayar shinkafa ba. Mai Rediyo ya san duk wannan, shi ya koya wa Auta. Ya sunkuya har hancinsa ya kusa taɓa ƙarfe, ya haska tocila, bai ga komai ba sai hazo. Ya sa yatsa ya ƙirga haƙoran. Uku ne ko huɗu? Sugan da ya ci idon ya taɓa kan yatsun ma, sun zama kamar ya sa safar hannu. Ya ƙirga sau biyu, ya samu amsa biyu.

Ya ɗora kan wayar ya danna. Ta ƙi shiga. Shi da yake cewa abin da ya ƙi shiga da lalama ba wurinsa ba ne, ranar ya ƙara ƙarfi. Ta shige da wani ɗan ƙas.

Ya jona wuta ya danna maɓalli. Fanka ta yi juyi ɗaya ta tsaya. Ɗif. Wani siririn ƙauri ya taso.

Ya sake dannawa. Juyi ɗaya, shiru.

Keken ɗinki ya tsaya a ɗaya ɓangaren. "Likita, wane ƙauri nake ji haka?"

"Dutsen gugarka ne ka bari a kan rigar mutane."

Amma muryar ba irin tasa ta kullum ba ce. Tela ya ajiye almakashi ya zagayo, ya zauna a kan wata tsohuwar talabijin da ke bakin ƙofa.

Mai Rediyo ya zare wuta, ya danne maɓalli ya ƙirga talatin. Ya sauya wayar bango. Ya lalubo sandunan ram guda biyu, wato ƙwaƙwalwar aikin na'urar, ya zare, ya hure, ya mayar. Duk lokacin da ya danna, fanka ta ɗan motsa ta mutu. Zufa ta keto masa har tana ɗiga daga gemu. Hotunan shekara uku yake gani a zuciyarsa, jarirai, 'yan makaranta da takardunsu, tsofaffin da ƙila sun riga sun rasu ba su da wani hoton sai wannan. Wayar fitilar kuwa hannunsa bai koma kanta ba. Ya ɗan yi zargi, amma bai so ya sani.

Haka Auta ta dawo ta same su. Tun daga ƙofa ta ja hanci. Ta ajiye dalmar ta leƙa cikin akwatin, sai ya ji numfashinta ya tsaya na ɗan lokaci, sannan ya ci gaba.

"Baba, bari in taya ka, hannuna ya fi ƙanƙanta."

Ya matsa mata. Abin da ta fara yi shi ne ta zare faifan ajiya, inda hotunan suke, ta naɗe shi a tsumma mai tsabta ta sa a durowa. "Wannan dai ya fita daga rigimar," in ji ta. Ta zare ram ɗaya ta gwada da ɗaya. Ta musanya su. Ta cire katin da ke aika hoto zuwa allo. Ta ɗauko akwatin wutar gwaji daga kan kanta ta jona a madadin na ciki. Duk abin da ta yi sai ta faɗa da ƙarfi, kamar mai magana da kanta, kuma sai yanzu Mai Rediyo ya lura ta daɗe tana yin haka. Kowane gwaji amsarsa ɗaya, juyi ɗaya, shiru.

Yana zaune hannuwansa a kan gwiwa, yana bin hannunta da kunne. Ya ji ta a sama wajen fanka. Ya ji ta a dama wajen manyan wayoyi. Ya ji ta sauko ƙasa, ta zo dab da inda ya soka wayar, ta tsallake ta koma sama. Sau uku tana yin haka. An kusa cinye awa.

"Auta."

"Na'am, Baba."

"Ranar da kika fara zama a bencin nan, me na ce miki game da abin da yake aiki jiya yau ya ƙi tashi?"

Sukudireba ya daina motsi.

"Ina jin ki."

"Ka ce a fara tambaya, me aka taɓa na ƙarshe."

"To me aka taɓa na ƙarshe?"

"Fitila," ta faɗa ƙasa-ƙasa.

"To me ya kai ki ram? Me ya kai ki kati? Ni na koya miki yawon banza?"

Ya ji ta ja majina. Sannan ya ji ɗan ƙarar wayar da aka zare.

"Faɗa mini abin da kika gani. Kar ki rage komai."

"A mai haƙori huɗu take, Baba. Mai ukun yana gefensa, kamar faɗin yatsa biyu. Haƙori ɗaya ya lanƙwashe ya kwanta a kan ɗan'uwansa. Zaren kuma ya ƙone daga farko, ya yi baƙi."

"Bod ɗin fa?"

"Ban ga tabo ba."

Tela ya miƙe ba tare da an ce masa komai ba, ya dawo da ɗan hantsakin da yake zura zare da shi a keke. Auta ta karɓa ta tayar da haƙorin a hankali, tana riƙe numfashi, har ya tsaya daidai da 'yan'uwansa. Ta mayar da akwatin wuta, ta mayar da ram da kati. Ta kamo hannun uban ta ɗora yatsansa a kan maɓalli.

Ya danna. Fanka ta juya, ta sake juyawa, ta kama gudu. Na'urar ta yi ɗan kukanta guda ɗaya na lafiya, allo ya kawo haske.

"Alhamdu lillahi," in ji Tela, ya sauke wata ajiyar zuciya kamar shi aka ɗora wa kayan.

Ta kashe ta mayar da faifan ajiya ta sake kunnawa, hotuna suka fito reras, babu wanda ya yi ciwon kai. Ta ɓare ƙonannen zaren ta liƙa na biyun, ta soka shi a mai haƙori uku, ya shige salin-alin. Sannan ta tsaya tana jujjuya ƙonannen a hannu.

"Baba, mu ce masa ɗayan da lalacewarsa ya zo. Ai ana samun haka a kwali."

"Ni dai ban ga komai ba," in ji Tela. "Ɗinki nake yi."

Mai Rediyo ya juyo wajen muryar Auta. Can ya ce, "Tun yaushe kika sani?"

"Tun bara."

"Kai fa, mai ɓata yadi?"

"Tun ranar da ka gaida mutum-mutumina."

"Kai ne ka amsa?"

"To da wa? Katako ne zai amsa maka?"

Dariya ta ƙwace wa Mai Rediyo, ya yi ta yi har yana dafe ciki, hawaye na zuba. Da dariyar ta ƙare hawayen ba su tsaya ba. Ya bar su. Bai taɓa kuka a gaban ɗayansu ba.

"Mamanku fa?"

Auta ta ce, "Ita ta riga kowa. Ita ta ce kar wanda ya tanka maka, ka faɗa da bakinka ranar da ka shirya. Wa kake zato yake kawar da bokiti daga hanyarka kullum da safe?"

Ya share fuska da hannun riga. "Wato ni kaɗai ne a garin nan nake zaton ina da sirri."

Ƙarfe huɗu da 'yan mintoci Mai Hoto ya faɗo shagon. Ya hango hasken ta gilashi ya buga tsalle. "Kai! Baba, hannunka daban ne wallahi! Na faɗa, na faɗa!" Sai ya ɗan karkata kai. "Amma ba biyu ba ne? Ina ɗayan?"

Auta ta buɗe baki. Uban ya ɗaga mata hannu. Ya lalubo ƙonannen zaren a tebur ya miƙa wajen da muryar ta fito.

"Ga shi, ɗana. Ni na ƙona shi. Na soka shi inda ba wurinsa ba, na kusa haɗawa da na'urarka gaba ɗaya. Idona ya tafi, ya fi shekara. Ko fuskarka ba na gani yanzu, da murya nake gane ka. Za mu nemo maka wani zaren. Wannan da kake yabo kuwa ba hannuna ba ne, nata ne. Ita ta gano ɓarnar, ita ta tayar da ita."

Mai surutu ya miƙa hannu ya karɓa. Ya dubi zaren, ya dubi tsohon, ya matsa ya buɗe hotunansa yana dubawa ɗaya bayan ɗaya, kunya ta hana shi ɗago kai. Can ya ce, "To wadda na kawo watan jiya, mai yawan mutuwa?"

"Ita ce."

"Da ta ƙanena?"

"Ita ce. Ni hira kawai na taya ta."

Mai Hoto ya cire hula ya sosa kai ya mayar. "Ƙanwata, ki yafe mini maganar ɗazu. In an samo ɗayan, ke za ki sa mini."

"Sai in ka yarda kowa ya taɓa, Yaya," in ji ta.

Bayan wannan rana Mai Rediyo ya yi wata bakwai yana zuwa shago. Ya daina ƙirga taku, ya riƙa dafa kafaɗar Auta a fili suna tahowa tare, yana gaida mutane da sunansu in sun yi magana. Ya koma zama a bakin ƙofa. Duk wanda ya shigo ya ce ina Baba, sai ya ce, "Ga Baba nan, amma mai aikin tana ciki." Wani lokaci Auta ta kunna na'ura ta ce, "Baba, ji wannan," ya karkata kai ya ce fanka ce, ko faifai ne, kuma da wuya ya kuskure. Abin da ya shekara yana gudu ya zo, sai ga shi bai kashe shi ba. Har ƙiba ya ɗan yi. Ƙodarsa ce ta gaza daga baya, ya kwanta kwana tara, ya cika da safiyar wata Alhamis, matarsa na riƙe da hannunsa. Allah ya jiƙansa, ya haskaka makwancinsa. Mutumin kirki ne, bai iya cutar ko na'ura ba.

Tela bai cika son a yi maganar kwanakin asibiti ba. Abin da yake komawa kai kullum shi ne yammacin Talatar nan, bayan Mai Hoto ya fita neman abin hawan da zai ɗaukar masa kwamfutar. Shagon ya yi tsit, sai ƙarar fanka. Mai Rediyo ya jawo bencinsa dab da gilashin, ya kara fuska.

"Auta, wane launi ne yanzu?"

"Kore, Baba."

"Yanzu fa?"

"Yana komawa ja. Ga shi ya zama ja sosai."

"Uhm. Ban gan shi ba."

"Ga shuɗi nan tafe."

Ya ƙura ido, bakinsa a ɗan buɗe. "Wannan kam ina ɗan ganinsa. Daga gefe-gefe." Ya yi murmushi. "Ashe yaron nan yana da gaskiya, abin da kyau."

Ta kai hannu za ta kashe don ta ɗaure sukurorin gilashin.

"A'a, dakata tukuna," in ji shi. "Bari shuɗin ya sake zagayowa."